Saƙar safar hannu marar yatsu don kyauta: tambayoyin masu koyo da amsoshinsu

Duk shekara idan sanyi ya matso, masu koyon saƙa kan zo da tambayoyi kusan iri ɗaya a kan safar nan da ke rufe wuyan hannu da tafi ta bar yatsu a waje. Yawancinsu wani nasu suke so su yi wa kyauta: uwa, maigida, ƙanwa da ke makarantar kwana, ko ɗan'uwa da ya tafi karatu ƙasar sanyi. Ga tambayoyin an tattara su, daga na farkon farawa zuwa masu ɗan zurfi. Saƙar tsinke biyu ake magana, amma an taɓo kwarashi inda ya dace.

Ban taɓa saƙa komai ba. Zan iya farawa da wannan?

Za ki iya, 'yar'uwa. Duk wahalar safar hannu a yatsu take, to ita wannan ba ta da su. Mafi sauƙinta ƙyalle ne mai kusurwa huɗu: a saƙa shi a shimfiɗe, a ninke shi biyu, a ɗinke gefe, a bar ƙofa guda ta babban yatsa.

Abu huɗu kawai za ki koya: ɗora ido a kan tsinke, saƙar gaba, saƙar baya, da rufe ido idan an gama. Ido shi ne kowane madaukin zare da ke zaune a kan tsinke. Saƙar gaba tana fitowa kamar harafin V, ta baya kuma tana barin ɗan tudu a kwance. Kafin ki taɓa zaren kyautar, ki ɗauki ragowar zare ki ɗora ido 15, ki yi ta kaiwa da komowa har hannunki ya daina ƙagewa.

Mene ne amfanin safar da ba ta rufe yatsu? Wa ya kamata a ba?

Amfaninta shi ne mutum ya ji ɗumi kuma aikinsa bai tsaya ba. A wuyan hannu jijiyoyin jini suna kusa da fata, shi ya sa rufe wurin ke rage wa hannu sanyi sosai. Ɗalibi mai rubutu da sassafe a watan Disamba ko Janairu, dattijo mai jan carbi a hanyar masallacin asuba, mai latsa waya ko kwamfuta, mai ƙirga canji a shago, duk za ta yi musu. Amarya ma za ta sa lallenta bai ɓuya ba. Wanda ke zaune a Jos ko tsaunin Mambila zai more ta fiye da kowa, haka ɗaliban da ke Ingila ko Turkiyya a farkon shigar sanyi.

Akwai waɗanda ba ta ishe su ba. Mai acaɓa da ke doguwar hanya da asuba, yatsunsa ne ke fara daskarewa, kuma saƙa ba ta kare hannu idan an faɗi. Wanda ke Kanada ko Rasha a tsakiyar ƙanƙara sai dai ya sa ta a cikin ɗaki. Mai aiki a bakin wuta kuwa, ki karanta amsar zare da ke biye kafin ki yanke shawara.

Wane zare zan saya?

Yawancin zaren da ake sayarwa a kasuwanninmu da sunan ulu na roba ne, wanda ake kira akirilik. Ba laifi ba ne. Yana da araha, yana jure wanki, asu ba ya cin sa, kuma ga mai koyo da za ta warware ta sake sau da yawa, shi ne ya fi dacewa. Ulu na ainihi, wato gashin tumaki, ya fi ɗumi, ya fi komawa yadda yake bayan an tale shi, yana kuma ɗumama hannu ko ya ɗan jiƙe. Sai dai yana da tsada, wani yana ƙaiƙayi, kuma ruwan zafi na lalata shi. Auduga tana da daɗi a fata amma ba ta da talewa, bayan 'yan kwanaki bakin safar zai saki.

Idan babu takarda a jikin zaren, ki yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana a kan faranti. Gashin tumaki yana warin ƙonannen gashi, tokarsa tana murtsukewa. Na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Auduga tana ci da wuta da warin takarda. Wannan gwajin yana da muhimmanci saboda lokacin hunturu mutane na zama su miƙa hannu a kan gawayi, kuma zaren roba idan ya narke manne wa fata yake. Mai shayi, mai suyar ƙosai, tsohuwar da ba ta rabuwa da kaskon wuta, ko dai a yi musu da gashin tumaki, ko a gaya musu ƙarara su cire safar kafin su matsi wuta.

Batun launi, baƙi da shuɗi mai duhu suna ɓoye idanu, mai koyo ba za ta ga inda ta yi kuskure ba. Fari kuma ƙurar hunturu za ta mayar da shi ja cikin kwana kaɗan. Ruwan toka, ruwan zuma, ruwan ƙasa da kore mai haske sun fi. Ki guji zare mai gashi-gashi ko mai ƙulle-ƙulle, warware shi azaba ne.

Yaya kaurinsa zai kasance, kuma dunƙule nawa?

Matsakaici. A takardar zaren waje za ki ga an rubuta DK ko lamba 3, shi ne lissafin wannan shafin ya dogara a kai. Lamba 4 ya ɗan fi kauri, yana saurin ƙarewa. Idan babu takarda, ki naɗa zaren a jikin rula ba tare da ja ba: idan ya zagaya sau 11 zuwa 14 a inci ɗaya, ya yi. Siririn zaren da ake kayan jarirai da shi sai a haɗa shi biyu a saƙa tamkar guda.

Giram 100 ya ishi hannu biyu na babba har da saura. Ki sayi duka a lokaci guda. Rini kan bambanta daga wannan tukunya zuwa waccan, shi ya sa masana'antu ke buga lambar rini a takarda. Dunƙule biyu masu suna ɗaya da lamba daban za su iya ba ki hannun dama mai haske, na hagu mai duhu.

Wane tsinke, kuma me zan tanada bayansa?

Tsinke biyu masu kaurin milimita 4 ga zaren DK, ko 4.5 zuwa 5 ga lamba 4. Na gora ko katako yana riƙe zare, ido ba ya saurin zamewa, don haka ya fi wa mai koyo. Na ƙarfe santsi gare shi. Sai tef na tela, almakashi, babbar allura mai faɗin ido marar tsini don ɗinki, da ƙaramin kwarashi saboda ranar da ido zai kufce.

Kwarashi na iya. Ba zai yi ba?

Zai yi, kuma idan hannunki ya riga ya faɗa da shi za ki fi sauri. Bambancin shi ne saƙar kwarashi ta fi kauri, ta fi cin zare, ba ta kuma talewa kamar ta tsinke. Saboda haka kada ki rage kashi goman da aka ambata a amsar lissafin ido, ki yi ta daidai awon hannu.

Yaya zan auna hannun, alhali so nake in ba shi mamaki?

Awo biyu ake bukata. Na farko zagayen tafi a gindin yatsu huɗu, ban da babban yatsa. Na mata yakan kama santimita 18 zuwa 19, na maza 21 zuwa 23. Na biyu tsawo, daga inda kike so ta fara a wuyan hannu zuwa gindin yatsu.

Idan ba kya so ya sani, ki haɗa tafinki da nasa cikin raha ki ga yawan abin da ya fi ki, ko ki auna hannun wani ɗan gidan mai irin jikinsa. In duk bai yiwu ba, ki saƙa safar gaba ɗaya da saƙar roba, irin ta bakin hannun rigar sanyi: ido biyu gaba, ido biyu baya. Tana tsukewa a ƙaramin hannu, tana buɗewa a babba. A ganina ma duk safar farko haka ya kamata a yi ta. Kyautar da ta zauna daram a hannu ita ake sawa kullum, mai ado da ta yi sako-sako a akwati take ƙarewa.

Ido nawa zan ɗora?

Ba wanda zai ba ki lamba ta gaskiya sai hannunki, don kowa da irin jan zarensa. Ki ɗora ido 26, ki saƙa layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya, har ƙyallen ya kai santimita 10. Ki shimfiɗa shi ba tare da ja ba, ki ɗora tef a tsakiya, ki ƙirga idanun da ke cikin santimita 10. Da zaren DK da tsinken milimita 4 akan samu kamar 22. Masu koyo kan so su tsallake wannan mataki don ɗoki, alhali shi ne ke hana a gama aiki a tarar ya yi wa hannu yawa.

Ga lissafin. Ido 22 a santimita 10 yana nufin 2.2 a kowace santimita. Hannu mai santimita 19 zai ba da kusan 42. Sai a rage kashi 10 cikin 100, domin safa ana so ta ɗan kama hannu, a samu 38. Wannan lamba ta dace da saƙar roba, wadda ke son adadin da 4 ke rabawa, a ƙara 2 saboda ɗinki: 34, 38, 42, 46. Ga namiji mai santimita 22, lissafin zai ba da kusan 44, wato tsakanin 42 da 46. Idan lissafinki ya faɗo tsakanin biyu, ki ɗauki ta ƙasa in za ki yi roba har sama, ta sama in jikin safar zai zama sumul, wato layi gaba layi baya.

To, yaya ake yin ta daga farko har ƙarshe?

Ki ɗora ido 38, ki bar jelar zare mai tsawon kamar santimita 30 don ɗinki. Layi na farko: biyu gaba, biyu baya, har ƙarshe, za ki ƙare da biyu gaba. Ki juya. Layi na biyu: biyu baya, biyu gaba, ki ƙare da biyu baya. Waɗannan layuka biyu za ki yi ta maimaitawa. Bayan layi huɗu ko biyar ba sai kin ƙirga ba, inda kika ga V ki yi gaba, inda kika ga tudu ki yi baya. Idan tsawon ya kai santimita 18 sai ki rufe idanu, ki sake barin jela.

Ki ninke ƙyallen a tsaye, gefe ya haɗu da gefe. Daga ƙasa ki ɗinke kamar santimita 10, daga sama kamar 3, tsakiya a bar 5 na babban yatsa. Kafin ki ɗinke ki kama da fil ki zura hannu ki gani. Wajen ɗinkin, fuskar safar tana kallonki, ki riƙa ɗauko ɗan zaren da ke kwance tsakanin ido na farko da na biyu, sau ɗaya a dama, sau ɗaya a hagu, kina ja a hankali. Gefen biyu za su rufe, ɗinkin ya shige ciki. A bakin ƙofar yatsa ki maimaita sau biyu, nan ne ke fara yagewa. Jelar da ta rage ki saka ta cikin saƙa ta ciki kamar santimita 5, ki juyo baya kaɗan, sannan ki yanke. Kada ki ƙulla ki yanke a gindin ƙulli, wanki ɗaya zai kwance shi.

Bakin yana naɗewa, ko kuma ya matse yatsu. Me ya jawo?

Naɗewa halin saƙar sumul ce, wato layi gaba layi baya. Ba guga ke gyara ta ba, ginin idon ne haka. Maganinta a fara da santimita 5 na roba a wuyan hannu, a ƙare da santimita 2 a sama.

Matsewa kuma daga rufe ido take. Layin rufewa ba ya talewa kamar sauran, mai koyo kuma takan ja shi da ƙarfi don tsoron kada ya warware. Ki rufe da tsinke mafi kauri, misali milimita 5, kina bin tsarin robar, gaba a gaba, baya a baya. Kafin ki yanke zare ki tale bakin ki tabbatar yatsu huɗu za su buɗe a ciki.

Na fara da 38, yanzu 41 nake gani, ga kuma huji.

Dalili biyu ne suka fi yawa. A farkon layi, idan zaren ya hau ta saman tsinke zuwa baya, ido na farko yakan miƙe ya nuna ƙafa biyu, sai a saƙa su a matsayin ido biyu. Ki saukar da zaren ƙasa kafin ki fara, za ki ga guda ne. Na biyu, wajen sauyawa daga gaba zuwa baya dole zare ya ratsa tsakanin tsinkayen biyu. In ya bi ta sama, ya zama sabon ido, ƙarƙashinsa kuma huji. Ki riƙa ƙirgawa a ƙarshen kowane layi har hannu ya saba. Ƙarin ido ɗaya ana gyara shi ta haɗa biyu a saƙa tare. Uku ko huɗu kuwa gara a koma baya, don tsarin robar ya riga ya karkace.

Ido ya zame daga tsinke, yana warwarewa ƙasa. Sai na sake daga farko?

A'a. Ki fara soka fil a cikinsa ya tsaya. Za ki ga zaruruwa a kwance a samansa kamar matakalar tsani. Ki zura kwarashi cikin idon ta fuskar da V yake, ki jawo zaren da ya fi kusa ta cikinsa, sannan na sama da shi, har ki iso tsinke. Idan idon na baya ne, ki juya aikin, ta can gefen V ne.

Kwana nawa zai ɗauke ni?

Ido 38 sau layi kamar 50 ya kama ido 1,900 a hannu guda. Mai yin ido 10 a minti za ta ci awa uku da 'yan mintuna, ban da warwara da ɗinki. Idan ana so a bayar kafin sanyi ya kankama a Disamba, farkon Nuwamba ne lokacin farawa. Wadda za a aika ƙasar waje sai a ƙara lokacin neman mai tafiya.

Ta biyu ba ta fito daidai da ta farko ba.

Hannunki ne ya ƙware a tsakani. Mai koyo takan matse saƙa da farko, ta saki daga baya, sai ta biyu ta fi girma. Ki rubuta yawan layukan ta farko a takarda, kada ki dogara da tef kaɗai, kuma ki ɗora ta biyu a ranar da kika rufe ta farko, tun hannu bai manta ba. Akwai kuma dabarar saƙa su tare a tsinke ɗaya, kowace da dunƙulenta, layi a wannan layi a waccan. Idan bambancin ya wuce santimita ɗaya, ki saƙa ta uku ki haɗa ta da ta biyu. Zaren da kika saya zai isa in kin warware ta farko.

Ina so babban yatsa ya samu nasa gida, kuma ba na son ɗinki.

Wannan mataki na gaba ne. Ana saƙa ta a zagaye da gajerun tsinkaye huɗu ko biyar masu tsini ta kowane gefe, ko da tsinke mai igiya mai tsawon santimita 80. A zagaye ba a ƙara ido 2 na ɗinki, don haka 36 ko 40. Bayan robar wuyan hannu, sai a ware ido guda a sa alama gefe da gefensa, a riƙa ƙara ido biyu a tsakanin alamomin kowane zagaye na uku, har su kai 13 zuwa 15. A kwashe su a kan guntun zare, a ci gaba da tafi. Daga baya a dawo musu, a tsinto ido biyu ko uku a kwanar da ke tsakanin yatsa da tafi don toshe huji, a yi zagaye biyar ko shida a rufe. Ta fi zama a hannu ƙwarai, amma ki bari sai kin gama ta shimfiɗe guda biyu.

Ina zan samu wasu tsare-tsaren, kuma yaya ake karanta su?

Dandalin Ravelry, wanda aka buɗe a 2007, yana da tsare-tsare masu yawa na kyauta, YouTube kuma ya fi wajen ganin motsin hannu, ga damar rage saurin bidiyo. A rubutun Ingilishi K na nufin saƙar gaba, P ta baya, CO ɗora ido, BO rufewa. K2, P2 ita ce robar da aka bayyana a sama. Ki fara duba yawan ido a santimita 10 da mai tsarin ya rubuta, ki gwada da naki ƙyallen gwajin.

Wasu kan ɗauka saƙar tsinke aba ce ta Turawa zalla. Amma kayan saƙar tsinke mafi daɗewa da aka tono, a Masar aka same su, safunan ƙafa ne na auduga fari da shuɗi, na tsakanin ƙarni na 11 da na 14.

Yaya ake wanke ta?

Da hannu, a ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi, da sabulu kaɗan. A jiƙa, a matsa a hankali, ba a cuɗawa, ba a murɗewa. A naɗe ta cikin tawul a danne, a shimfiɗa a inuwa. Rataya ta a igiya na sa ta yi tsawo. Gashin tumaki idan ya haɗu da ruwan zafi da cuɗa sai ya cure ya ƙanƙance, ba ya dawowa. Na roba kuma dutsen guga na kashe shi. Ki yi mata wankin farko da kanki kafin ki bayar, idanu za su daidaita, datti da man hannunki su fita.

Mai sawa ya bari man shafawa ya shiga jiki kafin ya zura hannu, ya kuma goge hannu bayan alwala. Idan sanyi ya wuce a wanke ta kafin a adana, asu ya fi bin ulu mai datti.

Yaya zan miƙa kyautar, kuma in ba ta yi masa daidai ba fa?

Ki ɗora ɗaya a kan ɗaya, ki ɗaure da ragowar zaren. Ki haɗa da 'yar takarda mai irin zaren da yadda ake wanki, da gargaɗin wuta in na roba ne. Ki naɗa masa zare kamar mita biyu saboda gyara. Ta yara ƙanana kada a sa mata maɓalli ko duwatsun ado, baki suke kaiwa. Kuma ba sai kin nuna masa wuraren da kike ganin kin kuskure ba.

Ki roƙe shi ya sa a gabanki. Idan ƙofar yatsa ce ta matse ko ta yi yawa, ɗinkin gefe kawai za ki farke ki gyara. Idan bakin sama ne, ki kwance layin rufewa ki sake shi kamar yadda aka faɗa a amsar matsewa. In faɗin ne gaba ɗaya bai yi ba, ki auna hannun da tef, ki koma amsar lissafin ido, ki ƙara ko ki rage huɗu. Waccan kuma a ba wani a gidan da ta yi wa daidai.